Jinin Matan Lafani

Tasalla ungozoma ce a Lafani, kusa da Illela, rabin yaran garin a hannunta suka faɗo. Ba ta da ƙyama. Jini da mabiyiya ta saba da su tun tana budurwa. Abin da ke ci mata rai shi ne ciwon dajin nono da ya kashe uwarta, ya kashe yayarta, ya kuma ɗauke ɗiyar yayar. Mutane na cewa jifa ne. Ita kuwa da hannunta ta wanke gawarwakin nan uku, ta ga ciwo iri ɗaya ne, kuma gida ɗaya yake bi.

A shekarar 1986 wani mai suna Maharazu ya iso Illela da farar mota da akwatin ƙanƙara, ya ce shi likita ne mai bincike. Aka kai shi wurin Tasalla, don mata na jin maganarta.

"Mi za ka yi da jininmu, Likita?" in ji ta.

"Inna, cikin jini akwai ƙwayoyin gado, su ke sa ɗiya ta yi kama da uwarta. Muna zaton wanga ciwo ta nan yake bi. Ƙasar waje za a kai a duba."

Ba ta taɓa jin wani ya faɗi abin da ke ranta ba sai ranar. Ta taka ƙauyukan Tozai da Amarawa da ƙafa, tana lallashin mazaje, har mata arba'in da uku suka miƙa hannu. Cikinsu akwai ɗiyarta Raliya, mai tsoron allura.

Bayan sati biyu, ranar kasuwar Illela, ta hangi motar a bayan tasha. Maharazu na tsaye ana cika akwatin da turare da ƙwayoyin magani, za a tsallaka da su Nijar. Ashe takardar bincike ce ke hana a taɓa kayansa a kan iyaka. Can gefe, a kan juji, ga kwalaben jinin matan nan zube. Wasu sun fashe, jinin ya yi baƙi, ƙudaje sun rufe shi, kaza na tsattsagar audugar.

"Likita, mi ke nan?"

Ko kunya bai ji ba. "Ƙanƙara ta narke, Inna, sun lalace. Sai ki sake tara mini wasu matan."

Ta tofar da yawu a gabansa, ta durƙusa ta tsince kwalaben cikin gyalenta, ta kai bayan gari ta binne. Gyalen ma ta ƙone shi.

Sannan ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ta faɗi gaskiya. Wasu suka zage ta. A Tozai an yi shekara ba a kira ta haihuwa ba. Maharazu bai sake leƙo Illela ba.

Amma maganar gadon ba ta jefar da ita tare da shi ba. Duk mai jegon da ta yi wa wanka, sai ta koya mata laluben nononta, ta kuma tambayi abin da ya kashe iyayenta mata. Da Raliya ta ji ƙullutu a nononta a 1989, Tasalla ta hana a tsaga, ta hana a shafa komai, ta sa ta a mota zuwa Sakkwato. Aka yi mata aiki. Raliya ta dawo da nono ɗaya, da shi ta shayar da autarta.