Noti a Totur ɗin Mas'udu

A Ketare, idan aka ce wane ya yi zuwan Mas'udu, ana nufin ya iso bayan an shafa fatiha. Shi kansa Mas'udun ba ya musu. Yakan ce ko ranar haihuwarsa sai da ungozoma ta yi gyangyaɗi. Manomin dawa ne da waken suya, ya haura arba'in, kuma rabin rayuwarsa a kan wani tsohon keke ya yi ta. Da keken nan ya yi zaryar neman auren Suwaibatu a Mabai, ita kuwa har gobe cewa take keken ta tausaya wa, ba mai shi ba.

Shekarar da wake ya yi albarka, Mas'udu ya sayi sabon mashin a Kankara. Bai hau shi ba. A bayan a-kori-kura aka kawo shi, yana zaune a gefensa ya dafa shi kamar mai rakiyar mara lafiya. Da aka sauke, ya kafe shi a ƙofar gida da ledarsa, ya tayar, ya bar shi yana ɗan gurnani shi kaɗai tun hantsi har azahar, wai injin ya san duniya a hankali.

Nan majalisa ta rabu. Ƙanensa Jabiru ya ce, "Yaya, injin zamani a shirye yake hitowa. Mai kurum kake ƙonawa."

Tanimu, abokinsa tun na ƙuruciya, wani ƙaton dillalin awaki, ya ce, "Kai dai buɗe mashi wuta tun yau, shi saba da gudu. In ka koya mashi lalaci, irinka zai zama."

Mas'udu ya girgiza kai. A wurinsa sabon inji tamkar maraƙin huɗa ne: ba a ɗora masa garma ran farko a ce ya gama gona. Sai an lallaɓa shi, an yi masa juyen mai, ƙarafan ciki sun saba da juna, sannan a nemi gudu.

Matsalar ɗaya ce. A Ketare mashin ba na mai shi kaɗai ba ne. Wannan zai kai mata awo, wancan zai je gaisuwar mutuwa, kuma ba a cewa a'a. Mas'udu ya san duk wanda ya ara, da ya sha kwana zai murɗe totur har ƙarshe. Hana aro abin kunya ne, bayarwa kuma kashe inji ne. Sai ya lallaɓa wurin wani bakanike mutumin Faskari, ya sa aka ɗaura ɗan noti a cikin hannun totur, yadda ko ƙato ya murɗa ba zai wuce tafiyar keke ba.

Dabara ta ci. Jabiru ne ya fara ara, ya dawo yana huci. "Yaya, jaki ya wuce ni, har ya waiwayo!" Kafin wata ya ƙare masu aro sun ɗauke ƙafa, Mas'udu kuwa ya riƙa kallon kansa a matsayin mai wayon gari.

Ran nan, ƙarshen damina, dawa ta fi mutum tsayi, ya ɗauko Tanimu daga kasuwar Kankara bayan la'asar. Sun yi nisa a hanya sai suka ji ƙarar nan daga baya. Wanda ya taɓa jin ta ba ya tambayar mece ce. 'Yan bindiga ne. Mashinan masu gudun tsira suka riƙa wuce su kamar iska, wani ya yar da buhu, wani hula.

"Mas'udu, ba shi wuta!"

Ya murɗa. Hannun ya tsaya a noti. Ya sake murɗawa har wuyan hannunsa ya yi ƙara, mashin ya ci gaba da tafiyarsa ta mutunci.

"Mi kake jira? Sai sun yi maka sallama?"

"Ba ya zuwa! Na sa mashi noti!"

"Noti? Ashe kai ne, ba kamfani ba? Allah shi isa tsakanina da kai!"

Wata tsohuwa da ƙwarya a kai ta zo ta wuce su da ƙafa. Ganin haka Tanimu ya dirga. Mas'udu ma ya sauka, amma maimakon ya yar da mashin, sai ya tsaya yana neman wuri mai tauri da zai kafe shi don kada ya faɗi. Tanimu ya fizgo shi ta wuyan riga, suka faɗa cikin dawa.

Suka kwanta a kwarin kunya, fuska cikin laka. Mas'udu ya nemi addu'ar da ya haddace tun yana yaro, ya rasa farkonta. Suka ji muryoyi a kan hanya, suka ji an buga wa mashin kik, an murɗa shi da mugunta. Abin da ya fito daga bakin Mas'udu, wanda har yau yake jin kunyarsa, shi ne, "Wayyo, ko juyen mai ban yi mashi ba." Tanimu ya toshe masa baki da tafin hannu mai warin bunsuru, bai sake shi ba sai da ƙarar ta ɓace.

Da ƙafa suka isa gida gab da magariba. Ba kowa ne ya koma da labarin dariya ran nan ba, don haka babu wanda ya yi zancen mashin. Suwaibatu dai ta dube shi, ta zauna a bakin murhu ta yi kuka, ta ce keken ma ya isa.

Washegari masu zuwa gona suka tsinci mashin kwance a bakin wata ƙorama, ba nisa da inda aka ɗauke shi. Madubi ɗaya ya fashe, ga sawun takalmi a jikin tanki inda aka huce haushi. Mas'udu ya durƙusa ya share lakar da hularsa. Ya buga kik, injin ya tashi lafiya lau.

"To, ka ga amfanin noti," in ji shi.

Tanimu ya ce, "Na gani kau. Kai kaɗai ne a ƙasar Katsina ɓarawo ya raina ma dukiya."

Mas'udu ya yi dariya har da hawaye, ba kuma duka hawayen ne na dariya ba. Ranar ya tafi Kankara a hankali, aka yi juyen mai, ya ce wa bakanike ya kwance notin. Har yanzu tafiyarsa ta Mas'udu ce, sai dai idan ya zo daidai gonar dawar nan, hannunsa da kansa yake murɗawa.

Labarin kwance notin bai kwana ba. Da safe, tun bai karya kumallo ba, ya ji sallamar Jabiru a zaure: "Yaya, mashin na nan?"