Awa Ɗayar da Ta Ɓace a Ruwan Tiga

Shekarar da 'yata ta biyu ta gama karatun kwamfuta ta dawo gida Tudun Wada, ƙungiyar manoman rani da ke ƙasan madatsar Tiga ta ba ta aiki. Ruwansu a hanya ɗaya yake bi, kowa da awarsa, kuma kullum sai an yi cacar baki. Suka ce ta haɗa musu manhajar da za ta riƙa tura wa kowa saƙo a waya, buɗe ko rufe. Wata guda suka ba ta na gwaji. In abin bai yi ba, su koma ga mai kewayawa a keke yana kira.

Ni karatun allo na yi, da ajami nake rubutuna har yau. A zaurena take aiki, ina kan buzu tana kan tabarma. Tana da abokan aiki biyu, ɗaya a Kiru, ɗaya a Doguwa. Da farko kwana biyu sukan yi suna shirya kwamfutocinsu, kuma abin da ya tashi a tata sai ya ƙi tashi a tasu. Sai ta zuba manhajar a abin da suke kira kwantena.

"Baba, kamar ka tura marubuci da gafakarsa ne," ta ce. "Tawada, alƙalami, takarda, duk suna ciki. Duk inda ya zauna, rubutu ɗaya zai yi."

Layi ɗaya suka buga, kafin shayi ya huce komai ya zauna. Ta ɗora kwantenar a kan wata babbar kwamfuta a ƙasar waje, ta ce in manoma suka ƙaru, kwafarta kawai za a yi. Ta kuma saka lambata, wai saƙon gwaji zai riƙa shigo mini kullum ƙarfe biyu.

A kwana na shida wani dattijo ya yi sallama, abokin karatuna tun muna yara. Gonarsa ce ta ƙarshe a layi, awarsa daga huɗu zuwa biyar, kuma ƙarfe biyar ma'aikatan ruwa ke rufe ƙofar ruwan. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya gare ta.

"Injiniya, aljaninki ba ya kirana sai ruwa ya tafi. Tumatirina ya sunkuyar da kai kamar mai neman gafara."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe kwamfuta. "Baba Alhaji, ga shi a rubuce. Ƙarfe huɗu daidai aka tura maka."

"To ni ne maƙaryacin ke nan?"

"Wallahi ban ce ba."

"Jibi akwai taro. Zan faɗa musu mu koma ga mai keke."

Bayan ya fita idonta ya kawo ruwa. Ta duba ta sake dubawa, ba ta ga kuskure ba. Nan ne na faɗi abin da ban ɗauke shi komai ba.

"Ai nawa ma yana daɗewa a hanya. Sai na dawo daga Azahar, na karanta izu guda, sannan yake shigowa. Na ɗauka nisan ƙasar ce."

Ta ɗago. "Baba, saƙo ba jaki ba ne! Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba ki tambaya ba."

Ashe kwantenar da agogonta ta zo, na mutanen can, awa ɗaya bayan namu. Ba wanda ya gaya wa kwantenar a Najeriya take aiki. Ita a wurinta huɗu ta yi, mu a wurinmu biyar. Kowa ya samu awarsa a makare, ban da na ƙarshe, wanda saƙonsa kan zo an riga an rufe ƙofa. Na farko a layi kuwa, da ya ga ruwa ya iso sai ya buɗe abinsa, yana shan awa biyu, bai ce wa kowa uffan ba.

Layi ɗaya ta ƙara, ta sake gina kwantenar, ta tura wa na Kiru da na Doguwa. Washegari ana tayar da sallar Azahar wayata ta yi ƙara a aljihu, har liman ya waiwayo.

Ranar taro na raka ta a achaɓa. Ba ta ɗora wa na'ura laifi ba. Ta ce ita ce ba ta duba agogon ba, ta nemi gafarar dattijon a gaban kowa. Kunya uku na tumatirinsa sun riga sun bushe.

Dattijon ya shafa gemu.

"A bar yarinyar nan da aikinta," ya ce. "Amma mako guda ni ne na farko a layi, wancan mai shiru-shirun ya koma ƙarshe."

Aka kwashe da dariya, har da wanda ake nufi. Shugaban ƙungiya ya tambaye ta ko hakan zai yiwu. Ta ce kafin a shafa fatiha ta gyara. Alhamdu lillahi, har yau da manhajar suke rabon ruwa.