Irin Nonon Edelmira

A saman tudun nan na birnin Valparaíso da ke bakin teku, inda matakala ta fi titi yawa, babu gidan da Edelmira Cáceres ba ta taɓa shiga da kwalba a hannu ba. Shekara talatin da takwas tana kiwon irin nono, 'yan ƙwayoyin nan farare masu kama da dafaffiyar shinkafa, waɗanda ake kira 'yan tsuntsaye. A zuba musu madara yau, gobe ta zama kindirmo, su kuma su ƙaru. A wurin surukarta ta gaje su, haɗe da doka biyu: ba a sayarwa, ba a taɓa su da cokalin ƙarfe.

Ta ukun ita ta ƙirƙiro abarta: duk wadda ta ba, sai ta riƙa zuwa dubawa. Ta ɗaga murfi ta sansana, ta tambayi lafiyar cikin maigida, ta tambayi sau nawa yaro ya zaga. A ganinta kulawa ce. Ba ta taɓa tambayar kanta ba me ya sa duk ranar da ba ta leƙa kicin ɗin wata ba yinin yake yi mata tsawo.

Mutum ɗaya ta hana, Rosaura mai ɗinki. Laifinta, ta ce mata a layin sayen burodi, “Ki ba ni tsuntsayen, maƙwabciya, amma ki baro wa'azin a gida.” Mata suka yi dariya. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Da damina ciwon huhu ya kwantar da Edelmira mako uku a asibiti. Mijinta Belarmino, tsohon ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya manta da kwalbar har ta fara wari. Don ya faranta mata, ya wanke irin tas da tafasasshen ruwa.

“Ka dafa su, tsoho.”

“Wanke su na yi, tsohuwa. Dubi yadda suke ƙyalli!”

“Gawa ma tana ƙyalli in an wanke ta.”

Huhu ya warke, ciki ya ƙi. Duk abin da ta ci sai ya wuce, siket ɗinta har yana zamewa. Nas ɗin unguwa ta ce maganin da ya kashe cutar ya haɗa da ƙananan halittun kirki da ke zaune a hanji, sai an yi ta lallashinsu da wake da ganye da kindirmo mai rai. Edelmira ta dafa cikinta tana mamaki. Ashe ita ma kwalba ce, shekara sittin da bakwai tana kiwo ba ta sani ba.

Kindirmon kanti bai kwanta mata ba. Ta ɗauki kwalba ta fita neman jikokin irinta. Gidan farko aka ce kyanwa ta ture. Na biyu, yara sun fi son na roba mai sukari. A na biyar matar ta kasa kallon idonta, ta nuna ƙasan matakala da baki, inda gidan Rosaura yake.

Rosaura ta buɗe ƙofa da allura a leɓe.

“Kin rame, maƙwabciya. Shigo kafin iska ta kai ki teku.”

A kan kantar kicin kwalabe tara ne jere, kowacce da ƙyalle a baki da suna a jiki: Hortensia, Uberlinda, matar mai aski. Duk irin da Edelmira ta raba wa matan nan ne.

“Sun gaji da ciyarwa, suna kuma tsoron fuskarki,” in ji Rosaura. “Sai su kawo mini a ɓoye. In an hango ki kina hawowa, a aiko a ari kwalba.”

Edelmira ta tsaya tana lissafin sau nawa ta sansana kwalbar aro ta yaba. Abin da ya ɗaure mata kai, ba haushi ta ji ba. So take ta san yadda aka yi suka yi ƙiba haka.

“Me kike ba su?”

“Madara. Da shiru.”

Rosaura ta ɗebo mata da cokalin katako, ta riƙe kwalbar ba ta sake ta ba.

“Da sharaɗi. Zan riƙa zuwa dubawa.”

Kwana uku bayan nan Belarmino ya ga matarsa tana goge kantar kicin tun safe, har ta ɗora ruwan shayi ta jera kofi biyu. Aka ƙwanƙwasa. Rosaura ta wuce shi ba gaisuwa, ta ɗaga murfi, ta sansana.

“To, jiya sau nawa kika zaga?”

Edelmira ta ja mata kujera.

“Biyu,” ta ce. “Zauna in ba ki labari.”