Gasar Wilmington Bayan Rasuwar Baban Zulai

Asabar: fita daga gida

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka kulle gidanmu na McLeansville, ni da 'yata Zulai. Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifinta, Malam Habu, ni kuwa ko wata ban yi da fita takaba ba. Shekara shida duk ƙarshen Yuli muna zuwa Wilmington, shi da Zulai su shiga gasar tanis ta iyaye da 'ya'yansu, ni in zauna gadin kular abinci, mu ƙare a bakin teku. Bana ma ya sa sunansu tun Janairu, kafin ciwon zuciya ya kayar da shi a wurin aiki. Na ce a haƙura. Zulai ta ce ko a ƙafa ne sai ta je.

Muka shiga garin Greensboro, muka ɗauki aminiyata Anti Rifkatu a unguwar Glenwood, 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya. Ta shigo da filas ɗin kunun gyaɗa.

"Maman Zulai, kin taɓa tuƙi a babbar hanya?"

"Ban taɓa wuce Burlington ba."

"To, Allah na nan. Mu je."

A hanya

Durham ƙarfe bakwai, Raleigh bakwai da rabi. Duk tirelar da ta wuce mu sai motar ta girgiza, in ƙara riƙe sitiyari. Kusa da Benson muka tsaya shan mai. Na fito, na ɗauko bututun, sai na ga tankin yana ɗaya gefen. Motar Malam Habu ce, shi yake zuba mata mai. Na daɗe a tsaye har na bayanmu ya yi hon. Dala talatin da takwas muka sha. Ba wanda ya taɓa kunun.

Wilmington

Mil ɗari biyu da 'yan kai, muka isa filin gasar ƙarfe goma saura kwata. Tsohuwar Baturiyar da ke rubuta sunaye ta gane mu, ta washe baki tana tambayar ina mutumin nan mai ba su dariya. Zulai ce ta gaya mata da Turanci. Matar ta cire tabarau, ta ce mijinta zai iya tsaya wa Zulai a madadin babanta, ba wanda zai yi magana. Zulai ta girgiza kai. Ta zuge jaka, ta ciro raket ɗin babanta ta miƙo mini.

"Zulai, ni fa ban taɓa riƙe wannan abin ba."

"Ki tsaya kusa da raga kawai, Mama. Ni zan yi sauran."

Anti Rifkatu ta cire kambas ɗinta ta ba ni. Haka na shiga fili da doguwar riga da mayafi. Mariƙin raket ɗin ya yi baƙi daidai wurin yatsunsa, kuma ya fi hannuna girma.

Wani mutum da ɗansa muka kara da su. Zagayen farko suka ci mu shida da nema. Ƙwallo ta wuce ni ta dama, ta wuce ni ta hagu, sau ɗaya ta same ni a kafaɗa, mutumin ya yi ta ba ni haƙuri. Zulai ta yi gudun mutum biyu. A zagaye na biyu ta ci wasa ɗaya da bugunta, wanda babanta ya koya mata a kan titin ƙofar gida. Ta juyo da gudu, hannu a sama, ta ce, "Baba!" Sai ta gan ni. Hannun ya tsaya a iska. Na ɗaga nawa muka tafa. Daga nan ba ta ƙara bin ƙwallo da zuciya ba. Shida da ɗaya aka tashi.

Ɗakin otal dala ɗari da arba'in, yana warin tsohuwar taba. Muka ci dafa-dukar da na taho da ita, rabi ya rage.

Lahadi: bakin teku

Anti Rifkatu ta nemi coci da safe. Mu kuma muka je bakin ruwa ƙarfe takwas. Gari ya haɗa hadari, iska tana watsa mana yashi. Zulai ko takalmi ba ta cire ba. Can sai ta yi magana da Hausa, abin da ba ta saba ba.

"Kawu ya ce mu koma Kano. Na ji ki a waya."

"Ya ce."

"Baba fa? Mu bar shi nan shi kaɗai?"

Na ce mamaci addu'a yake buƙata, ko daga ina take tana isa. Ta ce ba abin da ta tambaya ba ke nan. Na ce ban sani ba, Zulai. Gaskiyar kuma ke nan, har yau ban sani ba. Ta kwantar da kai a cinyata har yayyafi ya kore mu.

Dawowa

Ƙarfe ɗaya muka kama hanya, ruwa ya raka mu har Raleigh. Biyar saura muka shigo Greensboro, Zulai ta ce a biya ta maƙabarta. Anti ta jira a mota. Muka yi masa addu'a. Da za mu juya, Zulai ta durƙusa ta ce, "Mun sha kashi, Baba. Amma Mama ta yi ƙoƙari."

Ƙarfe shida na kashe mota a ƙofar gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Anti Rifkatu, wadda ta bar hutunta, ta tsaya bakin fili ba takalmi. Wanda ya karanta wannan, ya sa Malam Habu a addu'a.