Hannun Agali da Butar Shayi

Shekara takwas ke nan da rasuwar Agali, kuma har yau in ana zancen gwanayen kwaikwayo, daga Arlit har Akokan, ni Lawali babu na biyuna. Na taɓa kwaikwayon tarin shefunmu, wato shugabanmu na gareji, har matarsa ta fito da magani. To, wannan baiwar ce ta raba ni da aminina.

Agali direban kamyo ne, babbar motar kaya, a mahaƙar Akokan, kuma shi ne mai shayin fadarmu. Yakan ɗaga buta sama, ni dai na rantse har ta kusa taɓa gajimare, ya tsiyayo cikin ɗan kofi, kumfa ta tashi, ɗigo bai faɗi ƙasa ba. A wajen mutanensu, Buzayen ƙasar Ayar, shayi babu kumfa cin fuskar baƙo ne.

Wata la'asar sai shayin ya sauka kan tabarma. Hannunsa na dama na karkarwa. Kafin ya goge, na miƙe na kama butar iska ina rawar hannu, ina cewa, "Buzu ya ga matarsa Fatimata da muciya!" Fada ta kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi. Na maimaita washegari, na maimaita jibi. Baki shi ke yanka wuya. Wata rana ya tura mini butar ya ce, "Zuba, gwani." Bai ƙara zuwa ba.

Aka ce iska ce, aka ce sammu ne. Likita ya ce ciwon daga ƙwaƙwalwa yake. Tuƙi ya gagara, cokali ya gagara, maɓallin riga ma sai an sa masa. Ni kuwa kunya ta hana ni leƙa shi, har aka kai shi makwanci.

Kwanan nan 'yata, mai aikin jinya, ta nuna mini wani bidiyo a salula. Likitoci sun dasa wa wani tsoho mai karkarwar hannu siririyar waya a ƙwaƙwalwa. Aka kunna na'ura, hannu ya tsaya cak, ya ɗauki kofi ya sha. Na kalla ya fi sau dubu. Da Agali na nan me zai ce? Na san shi, tambaya ɗaya zai yi: "Ya iya kumfa?" Amma ina mu ina wannan aiki? Ramin Akokan ma an rufe, 'yan fada sun watse, wasu Maradi, wasu lahira.

Abin da ya rage nasa butar nan ce, da ladabin da ya sa bai taɓa mayar mini da magana ba. Bana na daure na je gaida Fatimata, matarsa. Don in rage nauyin zuciya na ce ai marigayi da kansa ya san na iya kwaikwayonsa.

Ta dube ni ta ce, "Malam Lawali, ya ce ba ka iya ba. Kai in an gama dariya, hannunka yana tsayawa."