Yaya Nazmi da Rumfar Kwalekwalensa

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana Nazmi Kraja a asibitin birnin Shkodra, yana da shekara saba'in da bakwai. Likitoci sun ce ciwon huhu ne. Mu mutanen Zogaj mun san inda ya ɗauko shi.

Yaya, tun da aka binne ka mutane ke shigowa suna cewa kai mutumin kirki ne. Gaskiya suka faɗa, amma ba su faɗe ta duka ba. Ni ƙanwarka ce, bari in faɗi abin da na sani.

Kai ka koya wa ƙauyen nan rufe jirgi. Da, in sanyi ya shigo, kowa shimfiɗa tamfol yake yi a kan kwalekwalensa ya danne da duwatsu, ruwan Nuwamba ya kwanta a kai har tamfol ya lotsa ya yage, katako ya sha ruwa ya ruɓe. Murfin kanti kuwa ya fi ƙarfin aljihun masunci. Sai ka samo bututan roba da aka yar bayan gyaran famfo, ka lanƙwasa su kamar baka daga wannan gefe zuwa wancan, ka ɗora doguwar sanda a tsakiya daga goshin jirgi har gindinsa. Bakin kowane bututu ka sa masa tsohuwar safa don kada ya huda rufin. Tamfol ɗin na wata babbar mota ne, kore, duk faci. Ka rataya masa robobi cike da yashi a gefe. Ruwa ya sauka a kai ya gangare.

A wurin shan kofi aka sa wa abin suna makara. Ferit mai burodi ya ce maka, "Nazmi, wa ya mutu? Ko taka ka fara gwadawa?"

Ka ce, "Taka ce, Ferit. Sai dai na ga dole in ƙara mata faɗi saboda tumbin nan."

Da bazara ta zo jirgin Ferit ya ruɓe daga ƙasa. Ka yi masa rumfa a kan sabon da ya saya, ba ka karɓi kuɗi ko lek ɗaya ba, amma sai da ka sa ya roƙe ka a gaban duk waɗanda suka yi dariya. Haka alherinka yake, kullum da ƙaya a jikinsa. Lokacin da mijin Lumturi ya nutse ya bar ta da yara, kowace kaka kai ke zuwa ka rufe mata jirgin marigayin, har yaran suka girma suka gaje shi. Ta taɓa kawo maka kofi da burodin masara a bakin ruwa, ka ce mata, "Mayar da abinki. Ba don ke nake yi ba, katakon nake tausaya wa." Ta koma gida tana kuka. Shekaranjiya ma ta yi kuka a gidanka, ta fi kowa.

Wanda ya fi shan wannan harshen naka shi ne ɗanka Bujar. Tun yana ƙarami jirgi ke sa shi amai, kai kuma ba ka taɓa yafe masa hakan ba. A gaban mutane kake kiransa mai hannun auduga. Ya tafi Italiya ya yi shekaru yana wanke kwanuka a gidajen abinci, ya dawo da abin hannunsa, ya gina nasa gidan abincin a filin gidanku na bakin tafki, da manyan tagogin gilashi. Ba ka taɓa ce masa ya yi ƙoƙari ba. Kwalekwalenka kuwa yana nan daidai gaban tagogin, da koren tamfol ɗinsa.

Bara ɓarin jikinka na hagu ya shanye, likita ya hana ka shiga ruwa. Duk da haka a watan Oktoba ka sauka ka rufe jirginka da hannu ɗaya, kana jan igiya da haƙori. Ka ce da bazara za ka koma kamun kifi.

Ina wurin ranar da Bujar ya ce maka, "Baba, wannan buhun sharar ne baƙi za su riƙa kallo suna cin abinci? Kai da ruwa ai kun gama."

Ka ce, "Ka fara iya tsayawa a cikin jirgi ba ka yi amai ba, sannan ka zo ka yi mini maganar ruwa."

Ma'aikatansa suka yi dariya. 

Bayan sabuwar shekara, da rana tsaka, ya sauka da zarto. Ya zare bututan ya yayyanka su, ya karya sandar, ya mayar da tamfol ɗin a shimfiɗe. Bai ɓoye ba, kowa ya gan shi. Aka kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Tamfol ya lotsa, ya yage, jirgi ya cika har baki.

Da safe ka ɗauki tukunyar Sadete matarka ka sauka, kana jan ƙafa. Ka shiga cikin jirgin, ruwa mai sanyin ƙanƙara har gwiwa, kana kwalfewa da hannu ɗaya, sama na mayar maka da abin da ka zubar. Sadete ta kira ka har muryarta ta dushe, ka ƙi fitowa. Ta shiga wurin Bujar, ta same shi zaune bayan gilashi da kofi a gabansa, yana kallonka.

Ta ce, "Don Allah ka je ka ɗauko ubanka."

Ya ce, "Inna, ai ya ce ban san ruwa ba. A bar masani ya yi aikinsa."

Sai da ta aiko aka kira ni. Ni da Ferit muka ciro ka, leɓenka ya yi shuɗi, kana cewa saura kaɗan. A daren zazzaɓi ya rufe ka.

A asibiti ka tambayi Sadete ko an rufe jirgin. Ta ce an rufe. Ka dube ta ka ce, "Har yau ba ki iya ƙarya ba." Bujar ya zo da lemo a leda, ya tsaya a bakin gado, idonsa ya yi ja. Na ga bakinsa yana motsi, yana neman abin da zai faɗa. Na yi ta roƙon Allah a zuciyata ka yi shiru kawai. Ka juya fuskarka ga bango ka ce, "Wa ka bar wa wanke-wanken?" Ya ajiye ledar ya fita. Wannan ce maganarku ta ƙarshe a duniya.

Tun ba a yi sadakar bakwai ba Bujar ya sa aka jawo kwalekwalen zuwa ƙofar gidan abinci. An huda ƙasansa, an cika shi da ƙasa, an yi masa shuɗin fenti. Wai furanni za a shuka a ciki.

Allah ya jiƙan ka, Yaya. Ya duba jiragen marayun da ka rufe, ya rufa maka asiri a kan abin da harshenka ya ɓata. Ya yalwata kabarinka, ya sa ka huta.

Ina yi wa Sadete ta'aziyya, wadda ta yi rayuwarta a tsakanin maza biyu tana roƙon kowannensu ya sassauta. Allah ya ba ta haƙuri. Ina yi wa dangi da masuntan Zogaj baki ɗaya. Kai ma Bujar, ɗan yayana, ina yi maka ta'aziyya, don ubanka ne ya mutu. A wurinsa ka koyi wannan hali, ka kuma fi shi iyawa. Kana da ɗa yana tasowa, yana kallonka. Allah ya sa kada ya koya.