Azumin Fenti

A duk faɗin Kiru, daga bakin tasha har gonakin Ɗansoshiya, in ka ce a nuna maka mutumin da bai taɓa mayar da abin da ya saya ba, Mainasara za a nuna maka. Taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Asibi, ƙanwar babana ce, don haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma nasa murmushi.

Tun muna yara haka yake. Wata ƙaramar salla tela ya ɗinka masa riga, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Maimakon ya mayar, sai ya riƙa ɗage kafaɗa guda don hannuwan su zo daidai. Har yau in ka lura, a ɗan karkace yake tafiya. Wanzami ya taɓa yankar masa kunne, shi ya ba wanzamin haƙuri, wai kunnen ne ya tare hanya.

Gwaggo ce ta ja masa. Dokarta guda ce a gidan: duk wanda ka sha ruwansa, ranar ba ka buɗe baki ka faɗi laifinsa. Mu sauran yaran dangi muka ji muka watsar. Shi kuwa ya haddace ta kamar karatun allo.

Ya tashi manomi, masara da damina, albasa da rani. Shekara da shekaru a motar haya yake kai buhunansa kasuwa, direbobi suna sauke masa kaya a inda suka ga dama, yana yi musu sannu da aiki. Buri ɗaya na san shi da shi: ya mallaki motar da babu wanda ya taɓa zama a kujerarta. Ba 'yar Kwatano ba, ba ta hannun wani Alhaji ba. Sabuwa dal. Muna ta yi masa dariya har shekarar da albasa ta yi tsadar da mata suka koma yanka ta kamar ana yanka zinare. Ya haɗa da tarin da ya daɗe yana yi, ya tafi Kano wani kamfanin sayar da motoci mai bangon gilashi, ya dawo da 'yar ƙaramar a-kori-kura shuɗiya, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Ranar ko kajin unguwa sai da suka zo ganin mota.

Ya yi mata rumfar kwano wadda ta fi ɗakinsa kyau. Kullum da safe sai ya goge ta da tsohon rawanin babansa.

Ana cikin haka fentin ƙofar direba ya fara fitar da ƙuraje. Daga nan rufin ya kama. Ƙurajen suka fashe, fenti ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, ƙarfen da ke ƙasa ya fara yin ja. Mainasara bai gaya wa kowa ba. Sai muka ga ya tsiri ajiye mota a manne da bango, ko a masallaci ko a kasuwa, ya rarrafa ya fito ta ƙofar fasinja. Na tambaye shi, ya ce motsa jiki ne.

Matarsa Hamdiyya ce ta tona shi. Ta ce, "Malam, da bakinka ka ce min in fenti ya lalace kafin shekara, kamfanin ne zai gyara. Shekarar ta zo gangara, ga damina a bakin ƙofa. In ruwa ya sami ƙarfen nan, rariya za ka riƙa tuƙawa."

Ya shirya ya tafi Kano da fushi. Fushin Mainasara kuwa shi ne ya manta bai gaida maƙwabci sau biyu ba.

Da yamma ya dawo fuska fal annuri. "Mutanen kirki ne," in ji shi. Ashe yana shiga aka zaunar da shi a ɗaki mai sanyi, wata yarinya mai aikin tarbar baƙi ta kawo masa lemo da cincin. Kafin ya tuna da Gwaggo, ya kai rabin kwalba. Sai ga Malam Rufa'i, manajan sashen gyara, ya fito yana washe baki.

"Alhaji, lafiya dai motar?"

"Lafiya ƙalau, Yallaɓai. Gaisuwa na zo."

Zuwa na biyu, buhun albasa ya kai musu, wai tukuicin lemo. Suka ba shi shayi.

Na uku na bi shi. Tun a hanya ya sa na yi alkawarin ba zan ce uffan ba, wai in na buɗe baki ƙwace motar za su yi. Da muka isa ya daure, ya kau da kai daga farantin lemo. Yarinyar ta ce, "Baba, ai na riga na buɗe." Mainasara ba ya iya ganin almubazzaranci. Ya shanye. Da na yunƙura zan yi magana, ya take min ƙafa, har yau babban yatsana bai yafe ba.

A hanyar dawowa na ce, "Kai bawan Allah, lemon nan ba karamci ba ne. Kowa ya shiga ba shi ake, har mai karanta mita. A cikin kuɗin motarka aka saye shi."

Ya ce, "Ko a ina aka saye shi, Hamidu, hannun mutum ne ya miƙo min."

Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Doguwa, shekarar kuma saura ƙiris. Hamdiyya ta kai ƙara wurin Gwaggo. Tsohuwa tana ɓarar gyaɗa ta saurara har ƙarshe, ta aika aka kira shi.

"Na ji an ce lemo ya ɗaure maka baki."

"Inna, ke kika ce..."

"Na ce, kuma ban janye ba. Gobe Alhamis. Ka tashi da azumi."

Ya sosa ƙeya. "Inna, azumin na Allah ne ko na fenti?"

"Ka yi niyya don Allah. Fentin ya bi ka a baya."

Washegari muka kama hanya, shi da azumi, ni da cikina a buɗe don kada abincin mutane ya yi asara. Yarinyar ta kawo faranti. Mainasara ya dafa ƙirji ya ce, "Na gode, 'yata, ina azumi." Wallahi sai ka ce mai shelar yaƙi. Na ci nawa, na ci nasa.

Sai aka ce Malam Rufa'i ya fita, a jira. Muka jira. Muka yi azahar, muka yi la'asar. Na ƙirga motocin da ke wurin har na fara sa musu suna. Rana ta yi ja, ma'aikata sun fara rufe tagogi, sannan ga shi ya shigo yana share gumi.

"Alhaji Mainasara. Yau ma gaisuwa?"

Mainasara ya miƙe, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi albasa ko ta yi daɗi. Ina ta zungurinsa, don na ga ladanin masallacin da ke tsallaken titi yana alwala. Can ya haɗiyi yawun da ba shi da shi ya ce, "Yallaɓai, motar da kuka sayar min tana ɓarewa."

Muka fita tare. Malam Rufa'i ya shafa ƙofar, ya ɗaga ƙafa ya leƙa rufin, ya tsuke baki.

"Da me ake wanke ta? Garin sabulu yana cin fenti."

"Ruwan rijiya ne, sai tsumma."

"To a ƙarƙashin wace bishiya take kwana? Kashin tsuntsu ma yana yin haka."

"A rumfa take kwana. Kuma Yallaɓai, tsuntsun da zai yi kashi a jikin ƙofa, sai dai in a kishingiɗe yake tashi."

Na dubi Mainasara. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya mayar wa mutum magana ba.

Malam Rufa'i ya yi 'yar dariya. "Shi ke nan, ƙofar laifin feshi ne, za mu sake mata. Amma rufi, Alhaji, wannan rana ce. Ranar ƙasar nan ba ta cikin garanti."

Daidai nan aka kira salla. Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ta taho da gudu da dabino da ruwan sanyi. Malam Rufa'i ya karɓa da kansa ya miƙa. "Bisimilla, Alhaji, a sha ruwa."

Mainasara ya ɗauki dabino guda. Ya riƙe shi tsakanin yatsu. Leɓensa ya bushe har ya yi fari, amma hannun bai tashi ba.

"Yallaɓai, in na sa wannan a baki, maganata ta ƙare, ko da motar za ta narke a gabana. Haka aka raine ni. Rufin fa?"

"Ka sha ruwa tukuna, sai mu yi magana."

"In na sha, babu maganar."

Ladan ya gama. Kanikawa da suka fito za su masallaci suka tsaya da butocinsu. Maigadi, wani dattijo mai farin gemu, ya matso ya ce a hankali, "Oga, mutum da azumi a bakinsa fa."

Malam Rufa'i ya dubi dabinon, ya dubi kanikawan, ya dubi sama kamar mai neman wanda zai sa hannu a madadinsa.

"Alhaji, don Allah ka buɗe baki, kada ka ɗora min alhaki."

"Rufin, Yallaɓai."

"Har rufin. Ku shaida, har rufin. Ka bar ta yau, mu za mu yi."

Mainasara ya yi bisimilla ya ci dabinonsa. Ya shanye ruwan, ya nemi ƙari. Daga nan har muka yi salla muka fito, ba abin da yake yi sai ba Malam Rufa'i haƙuri.

A motar haya muka koma Kiru, an matse mu a baya da buhunan taki, yana ta murmushi shi kaɗai. Motar ta dawo kafin ruwan shuka, shuɗiya sumul daga sama har ƙasa, kuma ya koma fita ta ƙofar direba kamar sauran bayin Allah.

Labari kuwa ya riga motar isowa gari. Yanzu in aka wayi gari aka ji Mainasara ya tashi da azumi ba a watan azumi ba, mai gyaran injin ban-ruwa kashe wayarsa yake yi, mai sayar da iri kuma ya rufe shago ya ce ya tafi ta'aziyya Bebeji.